Ƙahon da Ba a Yi wa Mai Faci Ba

Ko na dafa Alƙur'ani ba yarda za ka yi ba, malam, don ka san bakina, ni ma na san shi. Amma gyara zama. Wannan labarin ba irin wanda nake kwantar da ku da shi a teburin mai shayi ba ne, babu dariya a cikinsa.

An yi wani mai faci a bakin tasha, gwanin tsokana da cika baki, wanda in liman ya jingine kekensa zai sace masa iska don a kawo masa aiki. Daminar da zazzaɓin dengi ya shigo garin, wanda ake kira karya-ƙashi, shi ne kan gaba wajen yi wa masu zuwa asibiti ba'a. Cewa yake jikinsa tayar babbar mota ce, allura ba ta huda shi. Tsofaffin tayoyin da ya jibge bayan rumfarsa kuwa sun cika da ruwan sama, sauro na ta haihuwa a ciki. Ana nan sai ciwon ya kayar da shi a birni, inda ya je sayen kaya: ƙasusuwa kamar ana dakansu a turmi, bayan idanu kamar an zuba garwashi. Wasu bayin Allah suka kwashe shi zuwa asibiti. Can aka yi ta ƙara masa ruwa, yana kuka kamar ɗan yaye duk sanda ya hango allura. Ranar sallama mai jinya ta ja masa kunne. Ta ce ciwon nan yana tsinka jini ya hana shi tsayawa. Wanda ya kamu kada a tsaga shi, kada a ɗura masa ƙwayar ciwon jiki ta kan tire, kuma ranar da zafin jiki ya sauka ita ce ranar tsoro.

Da ya dawo gari a rame, majalisa ta taso shi da tambaya, bakin nan ya ƙi faɗin gaskiya. Ya ce ina shi ina asibiti? Wani tsohon wanzami ne ya kafa masa ƙaho a gadon baya, ya zuƙe mataccen jini baƙi wuluk, ya ba shi jiƙon ganyen gwanda da darbejiya, kafin la'asar yana neman tuwo. Kullum labarin sai ya ƙara kitse, ƙahon ma ƙaruwa yake. Shi dai daɗinsa ya ga mai kemis na maƙwabta yana cizon yatsa, da niyyar wata rana ya fasa ƙwan a sha dariya. Uwarsa ta ji ta riƙe. Matarsa Laure ma ta ji. Ita kaɗai ta ga bayan nan sumul babu ko tabo, ta yi murmushi ta ja bakinta, don mace ta gari ba ta tona mijinta. Gargaɗin mai jinya kuwa bai gaya wa kowa ba, domin faɗinsa tonon kai ne.

Ya tafi zagayen kasuwannin ƙauye na 'yan kwanaki da famfonsa, ciwon ya kama matar. Tsohuwa ta yi ta ba ta jiƙo. Da zafin jiki ya sauka sai ta yi hamdala, ta ce saura a fitar da mataccen jinin kamar yadda aka yi wa ɗanta, ta aika a kira wanzamin unguwa. Wanzami ya yi ɗari-ɗari, ya ce bai taɓa yi wa wannan ciwo ƙaho ba. Aka ce ai ga shaida nan tana yawo da ƙafarta a tasha. Matar tana ji. Ta yaya za ta dubi surukarta ta ce ɗanki maƙaryaci ne? Ta miƙa wa wanzami bayanta.

Mai faci ya shigo da yamma, ya tarar da tabarma jage-jage, wanzami na danna auduga a bayan matar, kowace tsaga na tsiyaya kamar tulun da ya tsage, har dasashinta jini yake. Ya yar da famfo, ya ce ƙarya ya yi, ruwa aka ƙara masa a asibiti. Uwarsa ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Kai, ba lokacin wasa ba ne," in ji ta.

Ya sungumi matar ya fita neman mota. A hanya ta kama wuyan rigarsa, murya can ƙasa. "Na sani tun ranar da ka dawo. Na ce kada in ba ka kunya." Ba su kai gadar bakin gari ba hannun ya saki rigar.

Wajen zaman makoki mutane suka fara ƙus-ƙus, ana cewa askar wanzami ce ta yi zurfi. Tsohon wanzamin ya tashi da ƙyar, ya ratsa tabarmi har gaban mahaifin yarinyar, ya yafito mai faci. Bai ɗaga murya ba.

"Ɗana, cire rigarka. Nuna wa baban Laure inda aka yi maka naka ƙahon."

Duk majalisar da ta sha labarin tana zaune, liman na nan, mai kemis na nan. Mai faci ya kai hannu maɓallin farko, ya kasa ɓalle shi.

Shi ya sa Hausawa suka ce, baki shi ke yanka wuya.