Gidan da Ya Fi Kowa Tsimin Ruwa

Injiniya ya sake duba takardar mitocin ruwa, ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Gida na ƙarshe a layin bayan makaranta: wata takwas cur, mita ba ta motsa ba.

Shekara uku ke nan damina tana zuwa a makare, tana tafiya da wuri. Madatsar garin ta janye har ana ganin tsoffin kututturai a tsakiyarta. Injiniya shi ne shugaban sashen rabon ruwa, shi ya fito da tsarin sakin ruwa kwana biyu a sati, da hukunci ga duk mai wanke mota da tiyo. An zage shi a rediyo. Surukinsa ma ya daina amsa gaisuwarsa. Darakta kuwa ya fara maganar sauya masa wurin aiki.

Gida ɗaya tak yake nema, wanda zai nuna wa duniya ya ce ga shaida, tsarinsa yana aiki. Ga shi Allah ya kawo.

Sakatariyarsa ta ce ta san mai gidan, wata tsohuwa ce mai ɗinki. Sau huɗu tana zuwa ofis nemansa, kullum yana taro.

"Kin ji masu kishin ruwa," in ji Injiniya. "Har takowa take yi."

Ranar Alhamis da hantsi motoci uku suka tsaya a ƙofar gidan: Darakta, Injiniya, da mai ɗaukar hoto. Tsohuwar ta fito tana dafa bango, wuyanta a sandare kamar wadda ta kwana a karkace. Ta shimfiɗa musu tabarma, ta yi ta ba su haƙuri, ko ruwan sha ba ta kawo ba.

"Ka gani, ranka ya daɗe?" Injiniya ya raɗa wa Darakta. "Ko baƙo ba a yi masa almubazzaranci."

Ya zaga da su tsakar gidan kamar nasa. Jarkoki shida a jere, kowace da murfinta. Ruwan wankin kwano a bokiti, an ajiye don ban ɗaki. Famfon kuwa har gizo-gizo ya yi saƙa a bakinsa. Mai hoto ya durƙusa ya ɗauka sau uku.

Injiniya ya yi jawabi na minti ashirin. Ya ce da kowane gida zai yi koyi da wannan baiwar Allah, da madatsa ta kai su damina biyu. Darakta ya dafa kafaɗarsa a gaban kowa. Aka miƙa wa tsohuwar takardar yabo cikin gilashi, da sabon kan famfo mai ƙyalli. Ta karɓa da hannu biyu, tana jujjuya shi.

"Inna," in ji Darakta, ya matso mata da makirfo, "faɗa wa mutanen gari sirrinki."

Ta dubi makirfon, ta dubi Injiniya, ta yi murmushi irin na wadda ta gane fuska.

"Ai ba ni da wani sirri, ɗana. Wannan yaron kirkin ne ya zo da kansa ya rufe min bututu, ya ce gyara za a yi, gobe zai dawo ya buɗe."