Tsamiyar Bakin Kasuwa

Tun da yaƙi ya ƙare aka kafa doka: duk matuƙin soja da ya koma tuƙa jirgin ɗaukar marasa lafiya, garuruwan da ya taɓa yi wa ruwan bama-bamai zai riƙa zuwa. Wai ya fi kowa sanin hanya.

Da hantsi aka kira Sallau, ɗaya daga cikin irin waɗannan matuƙa, zuwa Tungar Bawale, jini ya ɓalle wa wata mai naƙuda. Ya tashi ko taswira bai duba ba. Ai ya san garin, akwai ƙatuwar tsamiya a bakin kasuwa, tun daga nesa ake hango ta. Ya yi ta shawagi yana neman tsamiya har rana ta take.

Da ya sauka, lasifikar jirgin ta yi sanarwar da doka ta wajabta: "Jama'a, wannan matuƙin ya taɓa zuwa garinku."

Babu wanda ya motsa sai Iya Tabawa, kakar mai naƙudar. Ta tako tana dogara sanda, hannunta na hagu dungu ne.

"Sannu da zuwa, ɗan nan. Kashe injin, kada ka ƙona mai a banza. Mun riga mun rufe ta da zane."

Sallau ya kashe injin. "Iya, ki gafarce ni. Tsamiyar kasuwa na yi ta nema."

"Tsamiya? Ai kai ka ƙone ta, ranar kasuwa."

Ta dube shi sama da ƙasa, ta gyara mayafinta da dungun.

"Ikon Allah. Wancan zuwan dai ba ka makara ba."