Tambayar da Baba Ya Yi a Gaban Gwaggo

Ƙarfe huɗu na yamma, ranar kasuwar Zuru. Mu uku ne a tsakar gida: ni, da Gwaggo mai riƙona, da Baba da ya zo daga Ribah a kan babur ya duba ni.

Da farko ya gaida yayarsa. Bayan haka ya sha ruwa. Sannan ya juyo gare ni.

"Uwata, ana kula da ke?"

Gwaggo tana zaune kusa da shi. Na ɓoye hannuwana a baya, domin tukunyar burukutun da nake juyawa kullum ta ƙona su, kuma tun da na zo ban taka makaranta ba. Har yau ina jin tsamin dawar nan a hancina.

Na durƙusa na ce, "Lafiya lau, Baba."

"To, ka ji da kunnenka," in ji Gwaggo.

A wurinmu, wanda ya ba da riƙo ba ya keɓe yaro ya tambaye shi, don kada mai riƙo ya ce ana zarginsa. Baba ya yi godiya, ya tada babur.

Na girma, na gaji da nema masa uzuri. Idan ɗanka yana hannun wani, ko 'yar'uwarka ce, ka fita da shi waje, ka tambaye shi ku biyu kaɗai.