Maganin Sauro

"Kashe motar nan," ta ce wa mijinta.

Ya leƙo daga mazaunin direba yana dariya. Ai ita ce ta roƙe shi tun farko. Da ya sayo motar, ta farko a unguwarsu a Gwandu, ta lura sauro ba ya zama inda hayaƙinta ya bi. A rugar iyayenta kusa da Kalgo ma, hayaƙi ake turara wa shanu da damina. Shi ya sa kullum da magariba yake kafa bayan motar a jikin 'yar tagar ɗakinta, ya bar ta tana ruri. Maƙwabta har tabarmi suke kawowa su zauna kusa.

"Mi ya faru? Sauron ya dawo?"

"Bai dawo ba."

"In tarin 'yarmu ne, sanyin damina ne, na gaya miki."

Ta miƙa masa farin mayafin da take lulluɓe fuskar jaririyar da shi in ta yi barci. Ya ɗaga shi a sauran hasken yamma. Fari ne tas, sai ɗigo biyu baƙi ƙirin, dab da juna, daidai faɗin hancin 'yarsa.