Watan da Ya Gani

"Ga shi can, saman rimi," in ji Malam, yana nunawa da yatsa.

Mutanen Beli suka ɗaga kai, babu wanda ya ga komai. Amma shekara ashirin shi ke fara ganin watan azumi a garin, bai taɓa kuskure ba. Liman ya karɓi shaidarsa, dagaci ya tura mai babur Karaye ya gaya wa hakimi.

Matarsa kaɗai ta san abin da likita ya faɗa a Kano: ƙanjamau ce ke ramar da shi, ta cinye idon hagu, ta kama na dama. Duk azumin da ke tafe, wannan gani ɗaya ya roƙi Allah ya bar masa.

Da ya shigo gida ta tare shi a tsakar gida. "Malam, tsakaninka da Allah, ka gan shi?"

"Har yanzu ina kallonsa. Siriri, fari tas."

Ya ɗaga hannu zai yi godiya, ya rufe ido.

Watan na nan cikin duhun idonsa, bai gusa ba. Ashe ba a sama yake ba. Ƙarar babur kuwa tuni ta ɓace.