Mai Fito da Tayar Akori-kura

Ajiye sifanar nan tukuna, ka matso inuwa. Tun da ka ce sana'ar taya za ka koya, bari in ba ka wani misali.

An yi wani mai fito a bakin wani kogi. Wata shekara aka gina gada a kan mashigarsa, kwale-kwalensa ya rasa abin ɗauka. Da ya ga zama ba nasa ba ne, sai ya hau tudu, furfura ta soma fito masa, ya je wurin wani tsohon mai faci a bakin babbar hanya, ya ce a koya masa aiki. Hannunsa na da kyau. Bai daɗe ba ya iya ɗaga mota da jak, ya iya raba taya da ƙarfenta, ya iya gano huji ta kumfar da ke tashi a ruwa. Sai dai zuciyarsa ba ta zama wuri ɗaya. In rana ta take, kwalta ta soma kawalwalniya, sai ya zuba mata ido, ya ga kamar kogin nasa ne ya biyo shi har nan, motoci na shiga cikinsa suna narkewa. Ya kan yi ta tunanin garuruwan da suke nufa, waɗanda bai san su ba sai a bakin direbobi. A irin wannan lokaci ne tsohon kan ɗora yatsa a gefen taya yana nuna masa rubutun jikinta: ga faɗinta, ga nauyin da za ta iya ɗauka, ga shekarar da aka yi ta. Shi kuwa sai ya yi ta gyaɗa kai, kunne na nan, ido na can. A ganinsa taya dai taya ce, baƙa, da rami a tsakiya.

Ran nan tsohon ya tafi ta'aziyya wani ƙauye, ya bar masa rumfa. Da hantsi sai ga wata akori-kura ta lallaɓo, an yi mata lodin kankana har ta tsuguna, tayar baya ta yage. Mai motar wani magidanci ne da ya noma kankanar da hannunsa a fadama, yana so ya kai ta birni tun ba ta soma laushi ba. Mai fito ya shiga rumfa ya mirgino wata taya mai kyaun gani, zanenta bai ci ba, bakinta daidai da ƙarfen. Ta zauna daram. Ya ba ta iska, ya ɗaure notuna tamau, ya ja da baya yana kallon aikinsa. Rubutun gefenta kawai ne bai duba ba. Ashe tayar ƙaramar mota ce mai siririn gefe, wadda aka yi don ɗaukar mutum da iyalinsa, ba kayan gona ba.

Manomin ya ji daɗi, ya ce masa, "Malam, zo ka raka ni mana, ka ga birni."

Bai jira a sake faɗa ba. Ya ja ƙyauren rumfa, ya haye bisa lodin, ya kishingiɗa a kan kankana mai sanyi. Mota ta ɗauki hanya. Giginyu na wucewa ɗaya bayan ɗaya, balbelu na tashi daga bayan shanu, sama ta yi wasai, motar na lilo da shi a hankali kamar yadda ruwa ya saba yi masa. Ya lumshe ido, ya soma ganin birnin tun bai isa ba. A ƙarƙashinsa kuwa tayar nan na lanƙwasa tana miƙewa a kan kwalta mai zafi, tana ɗaukar abin da ya fi ƙarfinta. Ya ɗan ji ƙaurin roba, ya ce a ransa wani ne ke ƙona shara.

Sai ƙara kamar ta bindiga. Motar ta yi dama, ta yi hagu, ta sauka daga kwalta, ta kwanta a gefenta cikin wata gona mai yashi. Da mai fito ya buɗe ido ya gan shi a ƙasa, ko'ina ja wur, jikinsa sharkaf. Ya daɗe yana shafa kansa kafin ya gane ba jini ba ne, kankana ce ta farfashe. Allah ya kiyaye rai, amma manomin ya fito ta taga riƙe da hannunsa na dama, ya karye. Ya tsaya yana kallon noman shekararsa a warwatse, ƙudaje sun soma sauka. Wannan kallon ya fi wa mai fito zagi ciwo.

Da tsohon ya dawo ya ji labari, bai yi faɗa ba. Ya sa aka kawo tayar da ta fashe da wadda aka cire, ya yanka gefensu da wuƙa, ya miƙa wa mai fito ya taɓa. Wadda aka cire kauri gare ta, zare bisa zare. Ɗayar kuwa da yatsa biyu yake lanƙwasa ta. Daga waje kamar uwa ɗaya ta haife su.

Ranin nan duka, kowace safiya sai mai fito ya biya fadama ya yi wa manomin ban ruwa kafin ya zo rumfa, har hannun ya ɗore. Kuma tun daga lokacin, ko mai mota na ta danna masa oda, ba ya ɗaura taya sai ya tsuguna, ya goge gefenta da tsumma, ya bi rubutun da yatsa har ƙarshe.

Shi ya sa Hausawa suka ce, kama da wane ba ta wane.