Ɗan Maraƙi Mai Ja da Fari

Tun kafin in fara awon ciki nake tsoron abin da jinina zai ba ɗana. Ina yarinya a Tabotaki, wata la'asar farar saniyarmu ta haifi ɗan maraƙi, ubansa jan bijimi ne. Na shafa jiƙaƙƙen bayansa, ga jan gashi ga fari. Na ce, "Baba, wa ya ɗauko?"

Ya ce, "Su duka, ɗiyata. Babu wanda ya ɓace."

Jiya likita a Buza ya ce jinina iri biyu ne, lafiyayye da na amosanin jini, sai an auna maigidana, don in shi ma haka ne, ɗanmu zai iya ɗauko ciwon. Maigida ya ce, "Ƙalau nike, mi za a auna?" Ai ni ma ƙalau nake. Don Allah ku taya ni roƙonsa.